Riga Ta Goma Sha Biyu

A El Alto, inda iska ba ta ƙosar da huhu,
inda tsaunin Illimani ke tsaye da furfurarsa, ba ya ce wa kowa uffan,
nan nake busa usur tun rana ba ta wanke ido ba.
'Yan mata goma sha biyu, ƙwallo biyu, ɗaya na sacewa,
fili ba ciyawa, sai tsakuwa mai kwaɗayin jinin gwiwa.

Ni ce Eulogia. Da rana ina yankar tikiti a tashar mota,
da asuba ni ce koci.
Ban iya dogon jawabi ba.
In Nayra ta faɗi, in ce tashi.
In Remedios ta sa kuka, in ƙirga mata goma, in ce ya isa.
In Sulma ta tsaya riƙe da ƙugu,
tana haki kamar tsohuwar bas a kan hawa,
sai in rage sauri mu jera,
don mai zuwa ƙarshe ya fi kowa sanin tsawon fili.

Wata huɗu muna tara kuɗin riga a gwangwanin madara.
Sun sayar da shayi, sun yi dako ranar kasuwa,
har gwangwani ya yi nauyi, ya daina ƙara.

Ranar zaɓen launi kuwa, sai wanda ya gani!
Nayra ta ce ja, ja ke firgita abokan karawa.
Tagwaye suka ce kore. Dalili? Kore dai.
Gola ta ce baƙi, ba ya tona datti,
ita ta san hannun uwarta a ruwan sanyi.
Can baya Sulma ta ce, murya ƙasa-ƙasa:
"Shunayya. Irin furen dankali
a gonar kakata, bakin tafki."
Wuri ya yi tsit.
Ashe kowacce na da kaka, kowacce ta baro gona.

Don Fermín tela ya shimfiɗa yadi,
ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau.
"Goma sha ɗaya," in ji shi. "Ko an yi addu'a."

Kowa ta san wace ce ta goma sha biyu,
shi ya sa ba wadda ta dube ta.
Sulma ta yi 'yar dariya, ta ce ba komai,
dama mai zaman benci ba ta tsufar da riga.
Na lalubi magana a bakina, ban samu ba.

Nayra ce, mai bakin reza, wadda na fi tsawata wa,
ta ja hannun suwaitarta, ta ce:
"Baba tela, hannun riga nawa ke zama riga?"
Ya ɗaga ido sama, leɓe na motsi.
"Ashirin da biyu," ya ce, "in mai sawa ba ta da faɗi."

Ranar Asabar muka fito, damatsa a waje,
sanyi na yankan fata, haƙora na kaɗa ganga,
furanni goma sha ɗaya a kan tsakuwa.
An ci mu uku da ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, sun fi mu.
Saura minti goma na tura Sulma,
rigarta duk ɗinki, kamar gonaki in an hango daga tudu.
Ba ta ci ba. Ta dai tare wata ƙwallo da ƙirji,
ta faɗi zaune, ta tashi ban ce tashi ba.

A motar komawa ta yi barci a kafaɗata,
ni kuma ina bin ɗinkin da yatsa,
ina neman inda hannun Nayra ya ƙare, na Remedios ya soma.
Ban gane ba.

Litinin da asuba na iso, usur a baki,
na tarar an riga ni.
Tana durƙushe tana hura ƙwallon nan mai sacewa.